Hattara da masu tallar jan kwabon Amurka na 1943

Jama'a, akwai wata damfara da ke yawo a Facebook da WhatsApp. Ta riga ta ci ɗan ƙanwata, shi ya sa na ga bai kamata in yi shiru ba.

Wani zai saka hoton jan kwabon Amurka, wato senti ɗaya, mai shekarar 1943. Zai ce an yi kuskure wajen buga shi, masu tara tsofaffin kuɗi na sayensa da miliyoyi, shi dai matsuwa ce ta sa zai rabu da shi da araha. Kana nuna sha'awa sai wani "mai saye" daga ƙasar waje ya ɓullo, yana rantsuwa ko nawa ne zai biya. Bakinsu ɗaya. Ka saya a hannun na farko, na biyu ya fara tatsarka: yau kuɗin rajista, gobe na tantancewa, jibi na kwastan.

Abin da ke jan mutane shi ne labarin yana da tushe. A 1943 ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, Amurka na buƙatar tagulla don kayan yaƙi, sai ta buga kwabon shekarar da ƙarfe shafe da tutiya, ya fito fari-fari. Amma wasu 'yan ƙwayoyin tagulla da suka rage daga 1942 sun shiga injin, aka buga musu 1943. Waɗanda aka tabbatar da su duk duniya ba su kai 30 ba. Guda ɗaya tak da aka sani daga ma'aikatar buga kuɗi ta birnin Denver, mai harafin D, an sayar da shi dala miliyan 1.7 a 2010. To don Allah, mai irin wannan a hannu, kai zai nema a WhatsApp? Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Yawancin na jabu farin ƙarfen nan ne aka shafa wa tagulla. Kusanta shi da maganaɗisu. In ya manne, magana ta ƙare. Na gaske nauyinsa giram 3.11, na ƙarfe 2.7, sikelin masu zinare zai nuna maka. Wasu sun fi wayo: kwabon 1948 suke gogewa, 8 ta koma 3. Wannan ba ya mannewa, amma 3 ta ainihi tana da doguwar jela da ta sauko ƙasa. Ko ya tsallake duk wannan, sai kamfanin tantancewa kamar PCGS ko NGC ya duba shi, kuma ka bincika lambar shaidar a shafinsu da kanka, domin har robar da suke rufe kuɗin a ciki ana yin jabunta.

Haka suke yi da kwabonmu mai huji na 1936 mai sunan Sarki Edward na Takwas. Miliyoyi aka buga, yana nan birjik a akwatunan kakanni, ba wani kuɗin kirki yake yi ba. Kwandalar da aka daka da guduma kuwa ba kuskuren bugu ba ce, lalatacciya ce kawai.

Ɗan ƙanwata sau uku yana tura kuɗi kafin ya zo mini da kwabon a ƙunshe cikin auduga. Muka ciro maganaɗisun tsohuwar lasifika, kafin ma mu taɓa shi ya yi tsalle ya manne. Lambobin mutanen biyu har yau a kashe suke.