Na kai kekena na hawan dutse a daidaita min kansa a Jidda

Masu gyaran keke a Jidda suna da yawa, amma akasarinsu faci ne da ɗaure birki. Wanda zai tsaya ya daidaita maka kan keke daidai jikinka, sai an tona. Wannan mu'allimin gyaran keke da wani ɗan'uwa ya nuna min a wajen unguwar Hindawiyya, Bahaushe haifaffen Makka, yana cikin ƙalilan ɗin, kuma na ji daɗin aikinsa.

Damuwata ita ce idan muka je Shafa, can saman Ɗa'ifa inda tsayi ya haura mita 2,000, tayar gaba tana ɗagawa a hawa mai tsini. Na ce ya sauke min kan sosai. Ya kwance wuyan da alanki, ya zare zobe mai kaurin milimita 10 daga ƙarƙashinsa ya mayar da shi sama don kan ya sauka. Kafin ya ɗaure komai sai ya murɗa kan har ƙarshe, sai ga madannin giya ya dunguri sandar firam ta sama. Ya ɗora yatsa a wurin ya ce, "Alhaji, ka gani? Ranar da ka faɗi, nan zai daka."

Wannan ne ya sa na yarda da shi. Firam ɗin alminiyam lotsewa yake yi, na kabon kuwa yana iya tsagewa ta ciki ido bai gani ba. Wasu kamfanoni sun sa abin da ke tare kan kada ya wuce iyaka, kamar Knock Block na Trek, amma nawa ba shi da shi. Saboda haka ya mayar da zobe mai milimita 5 a ƙasa, ya ɗan ɗaga madannan har suka wuce sandar ba su taɓa ba, kuma bai matse su can-can ba, don in an faɗi su juya maimakon su karye.

Ɗaurin ma da tsari ya yi shi. Murfin sama ya fara matsewa a hankali, yana riƙe birkin gaba yana jijjiga keken har boris ya daina kaɗawa, sannan ya ɗaure kusoshin gefe da sifana mai awo, daidai ƙarfin ɗauri na 5 Nm ɗin da aka rubuta a jikin wuyan. Da yawa da ƙarfin hannu kawai suke yi. Na nemi ya yanke bututun da ya yi saura a sama, ya ce in hau tukuna in ji, wanda aka yanke ba ya dawowa.

Inda ban gamsu ba shi ne ledar kariya da ya liƙa a firam. Mai arha ce, zafin Jidda da ƙura sun fara ɗaga bakinta. Ka sayi mai kauri ka tafi da ita. Sannan sai bayan la'asar yake buɗewa, shi kaɗai ne, akwai jira.

A kan dutse kuwa bambancin ya fito. Tayar gaba ta fi zama a hawa, ko da yake har yanzu sai na matso bakin sirdi a wurare masu tsini, kuma a gangara ban ji nauyina ya rinjaya gaba ba. Zan koma ya rage min faɗin kan, don milimita 780 ya yi wa kafaɗata yawa.