Matata Mai Siraran Bututu Ko Mai Faffaɗan Allo?

Masu aikin tace ruwan ƙazanta sun sha tambayata wace matata (abin tace ruwa) za su sa a tankin bakteriya, inda ƙwayoyin bakteriya ke cinye dattin ruwan: mai siraran bututu kamar taliya, irin samfurin ZeeWeed, ko mai faffaɗan allo irin na kamfanin Kubota na Japan. Kowacce tana toshewa, domin bakteriyar na fitar da wani yauƙi da ke like fuskar matata har ruwa ya ƙi wucewa.

Mai bututu ta fi araha, ta fi tace ruwa a ƙaramin wuri, kuma ana turo ruwa ta baya a wanke ta. Babbar matsalarta gashi da zare: suna nannaɗe bututun su dunƙule, dole a sa rariya mai ramin milimita 1 zuwa 2 a gabanta. Mai allo rariyar milimita 3 ta wadatar da ita, sai dai yawanci ba a wanke ta ta baya. Iska ake busa mata, iskar kuwa lantarki take ci sosai. Dukansu sai an riƙa wanke su da bilic da sinadarin tsami.

Babbar tashar tace ruwan ƙazanta ta birni mai ƙwararrun ma'aikata, bututu ya fi dacewa da ita. Otal ko ƙaramar masana'anta, allo ya fi sauƙin kulawa.