Gargaɗi ga matasan Zariya kan masu tallar yawon ƙasa huɗu a kwana biyar

Jama'a, musamman ɗalibai na Samaru da Kongo, a yi hattara da tallar da ake turawa a WhatsApp da Instagram duk lokacin da hutu ya matso: wai ka ɗauki jakar goyonka kawai, za a zaga da kai Kwatano, Lome, Akara da Abijan a kwana biyar, har da biza da masauki da katin rigakafi, in dai ka tura rabin kuɗi kafin alƙalami. Mun san wannan hanya, kuma abin da ake sayarwa takardu ne kala biyu: waɗanda ba a buƙata, da waɗanda ba na gaske ba.

Biza ce ƙaryar farko. Benin da Togo da Gana da Kodebuwa duk 'yan ECOWAS ne, kuma tun yarjejeniyar 1979 ɗan Najeriya yana shiga cikinsu ba biza, ya zauna har kwana 90. Abin da jami'in boda zai nema shi ne fasfo mai sauran wa'adi, ko takardar tafiya ta ECOWAS da Hukumar Shige da Fice ke bayarwa. Duk wanda ya rubuta "kuɗin biza" a lissafinsa ya riga ya nuna maka ko shi wane ne. In kuma ya ce katin makaranta ko takardar NIN sun isa don yana da mutane a boda, nufinsa a bi da kai ta ɓarauniyar hanya a kan babur. Za ka shiga ƙasa ba hatimin shiga, kuma shingen farko da aka tare ka, kai ne mai laifi, ba shi ba.

Katin rigakafin cutar shawara ya fi damun mu, domin nan rai ne a ciki. Sukan ce ka turo hoto da suna, gobe a kawo maka katin har hostel, ba allura. Katin gaske ma'aikatan lafiya na tashoshin shiga ƙasa ne ke bayarwa, kamar na filin jirgin Malam Aminu Kano, bayan an yi maka allurar, kuma yana ɗauke da lambar da ake dubawa a na'ura. Ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, don haka wanda zai tashi ranar Asabar ba zai yi ta ranar Alhamis ba. Daga 2016 allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa, babu wani "sabuntawa" da za a caje ka. Mai katin bogi, ko ya tsallake bodar Aflao da ke tsakanin Togo da Gana, jikinsa ba shi da kariya daga cizon sauron da ke yaɗa cutar.

Sai lissafin kwanaki. Daga Zariya zuwa Legas a mota yini guda ne cur, wani lokaci har da dare, dawowa ma haka. Legas zuwa Abijan kusan kilomita 1,000 ne, da boda huɗu: Seme, Hillacondji, Aflao da Elubo, kowacce da layinta. Ina lokacin shiga kwalekwale a Ganvie, ƙauyen kan ruwa na Benin, ko ganin tsohon kurkukun bayi na Cape Coast a Gana? Tafiya mai hankali ƙasa uku ce a kwana 8 zuwa 10, a tsaya a Gana. A tuna kuma kuɗi kala biyu za a riƙe, sefa a Benin da Togo, sidi a Gana.

Hoton takardar otal da suke nunawa ba hujja ba ce. Ana kama ɗaki a intanet ba a biya ko sisi ba, a ɗauki hoto, a soke. Nemo lambar otal ɗin da kanka, ka kira, ka tambaya ko akwai ɗaki da sunanka kuma an biya. In da jirgi a tsarin, lambar ajiyar kujera mai harafi shida ba tikiti ba ce. Tikitin da aka biya yana da lamba mai alƙaluma 13, kuma za ka gan shi a shafin kamfanin jirgin.

Kafin ka tura ko naira ɗaya, duba sunan kamfanin a shafin CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ka tabbata sunan asusun banki ya yi daidai da shi, ba sunan wani mutum ba. Ka nemi ofishin ka taka da ƙafarka, ka je da wani babba. "Saura kujera biyu, yau za a rufe" dabara ce ta hana ka yin wannan binciken.

Wanda ya riga ya tura, ya kira bankinsa yanzu, ba gobe ba, ya nemi a bi sawun kuɗin kafin a kwashe. Ya adana rasit da hirarrakin da lambar asusun, kada ya goge komai ko don kunya, ya kai ƙara ofishin 'yan sanda mafi kusa ko ofishin EFCC na Kaduna.