Faifan Emilie Mayer na kamfanin cpo: kiɗan da aka daɗe da mantawa

Faifan da kamfanin cpo na Jamus ya fitar a 2020 yana ɗauke da sinfoniya (dogon kiɗa da babbar ƙungiyar makaɗa ke kaɗawa) ta ɗaya da ta biyu na Emilie Mayer, Bajamushiya mai tsara kiɗa, waɗanda ƙungiyar makaɗa ta NDR Radiophilharmonie ta kaɗa ƙarƙashin jagorancin Leo McFall. An haifi Mayer a garin Friedland a 1812, ɗiyar mai shagon magani, kuma ba ta duƙufa kan tsara kiɗa ba sai bayan rasuwar mahaifinta a 1840, lokacin da ta koma birnin Stettin (Szczecin na ƙasar Poland a yau) ta yi karatu a hannun mai tsara kiɗa Carl Loewe. Ta rubuta sinfoniya takwas kafin rasuwarta a Berlin a 1883, daga nan sunanta ya ɓace kusan ɗungurum.

Sinfoniya ta biyun ce ta fi kama hankalina, domin tana buɗewa a hankali, da doguwar shimfiɗa mai nauyi wadda ke ta ƙara ƙarfi har sai gogayen sun ɓalle da gudu, kuma McFall bai yi gaggawar wuce wannan wuri ba, abin da ya cancanci yabo. An ɗauki sautin tsaf, ta yadda ana jin masu busa sarai ko da gogaye sun cika wuri. Ta ɗayan kuwa, duk da kyawunta, inuwar shahararren mai tsara kiɗan nan Beethoven ta yi mata yawa a ganina, saboda haka wanda bai saba da irin wannan kiɗa ba gara ya fara da ta biyu.