Zango ɗaya a waje: Turkiyya ko Malesiya?

Ƙanena, ka ce kana aji uku a tsangayar injiniya ta ABU a Samaru, ka samu damar musayar ɗalibai ta zango ɗaya, ko Ankara ko Kuala Lumpur, kana so a faɗa maka wadda ta fi. Ni dai Malesiya zan ce maka, kuma harshe ne babban dalilina.

Wata huɗu zuwa biyar ne fa kacal. A Turkiyya akwai jami'o'in da ke koyarwa da Turanci, irin su jami'ar fasaha ta METU da ke Ankara, wadda aka kafa a 1956, amma da ka fito daga aji, Turanci ya kusa ƙarewa. Direban bas, mai shago, ma'aikacin ofishin takardar zama, galibi Turkanci za su yi maka. Sai ka ga ɗalibi tsaye gaban kanta yana miƙa wa mai kaya waya don ta fassara, shi kuma yana girgiza kai, layi na ƙara tsawo a baya. Wanda ya samu tallafin karatu na gwamnatin Turkiyya, wato Türkiye Bursları, shekara guda ake ware masa ta koyon harshe kafin ya fara karatu. Kai ba ka da wannan shekarar, kana fara gane gari za a ce ka haɗa kaya. A Malesiya kuwa Turancin da ka tafi da shi daga Zariya zai kai ka kasuwa, ya kai ka asibiti. Idan IIUM ce, jami'ar Musulunci ta ƙasa da ƙasa da aka kafa a 1983, wadda ke Gombak kusa da Kuala Lumpur, da Turanci da Larabci ake karatu, 'yan Najeriya kuma suna nan da yawa, ba za ka rasa mai kama maka hannu ba.

Sai yanayi. Zangon farko a Turkiyya yakan kama daga wajen ƙarshen Satumba zuwa Janairu, har tsakiyar hunturu ke nan, kuma Ankara ƙanƙara na sauka. 'Yar rigar sanyin da kake fita da ita lakcar ƙarfe bakwai lokacin hazo ba za ta tsinana maka komai ba, sa kuɗin babbar riga da takalmi cikin lissafi. Malesiya zafi ne da gumi da ruwan sama duk shekara. Abincin halal ba ya wuyar samu a duka biyun, sai dai Malesiya shinkafa ce da yaji, Turkiyya burodi da shayi da miya mai sanyin barkono. In Turkiyya ka nufa, tafi da yajinka.

Inda Turkiyya ta yi zarra shi ne kusanci. Akwai jirgi kai tsaye daga Abuja zuwa Istanbul, kuma awa biyu kawai suka riga mu. Malesiya sai ka yada zango a Doha ko Dubai ko Addis Ababa, ga ratar awa bakwai: Hajiya za ta idar da Isha'i ta kira ka, kai kuma ƙarfe uku na dare ne a wurinka. Turkiyya na amfani da ma'aunin nauyin kwasa-kwasai na Turai, wato ECTS, maki 30 a zango, wanda ke sauƙaƙa wa sashenku lissafin abin da ka karanta.

Wannan lissafin ma shi ya kamata ka fara bi kafin zancen biza. Kalandar ABU ba lallai ta zo daidai da tasu ba, ga SIWES, horon aiki a masana'antu, na jiran ka a aji huɗu. Ɗauki jerin kwasa-kwasan da za ka yi a can, da bayanin kowanne, ka kai wa jami'in rajista na ajinku da shugaban sashe, su nuna wanne zai maye gurbin wanne, su sa hannu a takarda. Idan jami'ar Ankara ce kaɗai kwasa-kwasanta suka dace da naku, to ka manta da zaɓina, ka fara koyon Turkanci tun yanzu.