Motar Haya Daga Kano Zuwa Ƙauyenmu

Mota ɗaya ce tak take jigila tsakanin birnin Kano da ƙauyenmu da ke bayan Gezawa, kuma na daɗe ina hawanta daga Yankaba. Da yake mutanen ƙauyen ba su da yawa, direban ba ya tashi sai motar ta cika, abin da kan sa mutum ya wuni yana jira in ba ranar kasuwa ba. Da an sauka daga kwalta sai burji, wanda yakan gagari mota da damina, sai dai a nemi ɗan acaba. Duk da haka ina yaba wa direban, domin ko da tsakar dare yakan kawo mara lafiya asibitin Murtala, kuma ba ya tsawwala kuɗin dakon buhunan gero.