Takobin Azbin ko Kaskarar Sudan: Wanne Ya Kamata Mai Tara Kayan Tarihi Ya Fara Saya?

Malam, ka ce wani dillali ya nuna maka takubba biyu, ɗaya irin na Azbinawa mai kuben jar fata da adon tagulla, ɗayan kuma kaskara ce ta Sudan wadda aka cika ruwanta da rubutun Larabci, kuma kuɗin da ke hannunka ba zai ɗauki duka biyun ba, shi ya sa kake neman a gaya maka wanda ya fi cancanta a saya a ajiye. Ra'ayina shi ne ka fara da takobin Azbin. Sai dai zan jera maka su kafaɗa da kafaɗa, domin ko da ka saɓa mini ka ɗauki kaskarar, ka san inda za ka sa ido kafin ka biya.

Ta wajen ruwa, wato ƙarfen takobin kansa, su biyun dangin juna ne. Dukansu miƙaƙƙu ne masu kaifi biyu, tsawonsu gaba ɗaya yana kusa da mita ɗaya, kuma mafi kyawu daga cikin tsofaffinsu ba a Afirka aka ƙera ruwansu ba. Daga Turai fatake suka riƙa shigo da su ta Sahara da ta Masar, musamman daga garin Solingen na ƙasar Jamus. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya sauka Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa ruwan takobi kusan 50,000 ke shigowa birnin a kowace shekara, ana sayar da kowanne wuri dubu, a Kano ake yi musu mariƙi da kube, daga nan kuma Azbinawa da Fulani da Nufawa da Barebari suke saye. Saboda haka tambarin da za ka gani a ruwan takobin Azbin, kamar jinjirin wata biyu masu fuskar mutum, ko kerkeci mai gudu wanda asalinsa na maƙeran garin Passau na Jamus ne, ko ƙuda da zaki irin na gidan maƙeran Kull na Solingen, kana iya ganin irinsa a ruwan kaskara. Idan dillali ya ce maka ɗaya daga cikinsu ragowar yaƙin 'yan Salibiyya ne, wato yaƙe-yaƙen da Kiristocin Turai suka yi da Musulmi a kan Kudus a zamanin da, kada ka ƙara ko sisi a kan wannan magana. Turawan ƙarni na 19 ne suka yaɗa ta don sun ga mariƙin ya yi kama da gicciye, amma mafi yawan abin da ke yawo a kasuwa na ƙarni na 19 da na 20 ne.

Bambancin yana farawa daga siffar ruwan. Na takobin Azbin yana da faɗi a gindi, yana tafiya yana tsukewa, bakinsa kuma a zagaye yake, ba tsini ba, domin don sara aka yi shi, kuma yawan washi na shekara da shekaru yakan ƙara sirantar da rabinsa na gaba. Yawanci akwai kwarmi uku siriri a tsakiyarsa, na tsakiyar ya fi tsawo. Magabatanmu suna kiran mai layi uku tamogashi, wanda ba shi da wata alama kuma dunhu. Ruwan kaskara kuwa kaifinsa biyu suna tafiya daidai wa daida tun daga gindi har kusa da baki, sannan su haɗu, shi ya sa takan fi nauyi a hannu, kuma sau da yawa kwarmi ɗaya ne mai faɗi a jikinta, ko da yake akwai masu uku.

A mariƙi ne kowanne ya ɗauki kamannin mutanensa. Azbinawa, musamman masu asali a cikinsu, ba sa son fatar hannunsu ta taɓa baƙin ƙarfe, don haka maƙeransu suke rufe mariƙin gaba ɗaya. Makarin hannun faffaɗa ne mai kusurwa huɗu, an lulluɓe shi da fata mai zane ko da fallen tagulla, kan mariƙin kuma a tsofaffin yakan zama dunƙulalle mai ɗan tsawo ta gefe, a na baya-bayan nan kuma sai ka ga an jera fallayen tagulla da jan ƙarfe hawa-hawa har su yi tsini. Waɗanda suka fito daga ƙasar Nupe, inda maƙeran Bida suka shahara da aikin tagulla, da wasu na arewacin Kamaru, sukan zo da mariƙi na tagulla zalla ba fata. Kaskara ba ta ɓoye ƙarfenta. Makarin hannunta sandar baƙin ƙarfe ce siririya wadda bakinta biyu suka ɗan buɗe, da wasu 'yan harsuna biyu da suke sauka kan ruwan su kama bakin kube, mariƙin itace ne da aka naɗe da fata, kansa kuma shimfiɗaɗɗe ne kamar ƙaramin faifai. Ta manyan mutane akan rufe mariƙinta da azurfa mai zanen taurari, mutanen Beja na gabashin Sudan kuma sukan ɗaura mata tuntu baƙi.

Kuben ma ba ya ɓoyuwa. Na Azbin siriri ne, na jar fata mai zanen dukawa, wani lokaci da ɗan kore a tsakani, bakinsa da gindinsa an sa musu dogon fallen tagulla mai huji-huji. Na kaskara yana buɗewa kusa da ƙarshe ya yi faɗi kafin ya tsuke, kuma ana rataya shi da gajeriyar hamila a kafaɗa, takobin ya kwanta ƙarƙashin hammata. Wasu kuben na Sudan da fatar kada ko ta guza aka yi su, abin da yake burge ido amma yake jawo matsala a kan iyaka, kamar yadda zan zo kai.

Yanzu ga abin da ya sa na fifita takobin Azbin ga mai farawa. Shi takobi a wurin Azbinawa da Hausawa abin gado ne da ake sake wa tufafi. Fata takan mutu, tagulla takan lotse, sai a kai wa baduku da maƙerin fari su sabunta, ruwan kuwa yana nan daga kaka zuwa jika. Wannan yana nufin sabon kube ba hujja ba ce ta cewa takobin sabo ne, tsohon kube kuma ba hujja ba ce ta tsufan ruwa, kuma dillalai da yawa da kansu kuben suke kallo su sa kuɗi. Wanda ya koyi karanta ruwa yana iya samun ƙarfen Solingen na gaske a cikin kube mai arahar gani. Ka zare shi ka kai shi hasken rana, ka duba kwarmin: na tsohon ruwan Turai yana tafiya santal, zurfinsa ɗaya, ƙarshensa yana ɓacewa a hankali, na wanda aka yi jiya da injin gurza ƙarfe kuwa gefensa yana da kaifi, yana ɗan karkacewa, kuma za ka ga sawun dutsen injin a cikinsa. Ka duba jinjirin watan: maƙeranmu na gida sun daɗe suna kwaikwayonsa, ba don yaudara ba, don masu saye sun ɗauke shi alamar nagarta, saboda haka ganinsa kaɗai ba ya tabbatar da komai sai an haɗa da ingancin ƙarfen. Idan mai kaya ya yarda, ka dafa bakin a kan katako ka ɗan lanƙwasa shi kaɗan. Ƙarfe mai kyau yana komawa ya miƙe, na banza yana zama a lanƙwashe. Akwai kuma wata alama da nake ganin ta fi tambari gaskiya, ita ce inda za ka tarar an haɗa gindin ruwan da fallayen ƙarfe biyu an dasa musu ƙusoshi, ruwan yana tsakiyarsu. Ba a yin wannan wahala sai ga ruwan da ya karye ko ya gajarce amma masu shi suka ƙi rabuwa da shi.

Duk wannan ilimi yana kusa da kai. A kasuwar Kurmi ta Kano, da Damagaram, da Agadas, akwai maƙera da dukawa da suka gaji sana'ar, waɗanda za su riƙe takobi su gaya maka ko ruwansa na sifirin mota ne, kamar yawancin waɗanda ake ƙerawa yau don mahayan Hawan Sallah da masu yawon buɗe ido. Kana iya zuwa Gidan Makama, gidan tarihi na Kano, ka ga tsofaffin makamai da idonka, ka auna da abin da aka kawo maka. Irin wannan gata ba ka da shi a kan kaskara.

Darajar kaskara a kasuwar masu tara kayan tarihi ta fi rataya a kan labarinta, kuma labari shi ne abin da ya fi sauƙin ƙirƙira. Sunan da ke sayar da ita shi ne Mahadiyya, wato daular da Muhammad Ahmad ya kafa bayan ya yi shelar shi ne Mahadi a 1881, wadda Halifa Abdullahi ya gada, har sojojin Kitchener, janar ɗin Ingila, suka karya ta a yaƙin Omdurman ranar 2 ga Satumba, 1898. Sojojin Ingila sun kwashi takubba masu yawa daga filin yaƙin sun tafi da su gida, shi ya sa har yau kaskara ta fi fitowa a gidajen gwanjon Ingila. Rubutun da ka gani a ruwan taka, idan irin mai kauri ne wanda ya rufe ƙarfen daga sama har ƙasa, ba sassaƙa shi aka yi ba, da ruwan asid aka ci ƙarfen, kuma sau da yawa kalmomi kaɗan ne ake ta maimaitawa, wani wurin ma ba ya karantuwa. Ka sa wanda ya iya Larabci ya duba maka. Irin waɗannan suna da kyan rataye a bango, amma da yawansu ruwansu sirara ne marasa ƙwari, kuma an ci gaba da yin su bayan faɗuwar daular don sayar wa baƙi. Ƙololuwar kaskara su ne na fadar Ali Dinar, Sarkin Darfur daga 1898 zuwa 1916, masu mariƙin azurfa da zinariya da rubutun da aka sassaƙa da hannu ɗauke da sunansa da nasabarsa. Waɗannan suna gidajen tarihi da hannun manyan masu tarawa, kuma idan aka kawo maka ɗaya a buhu a ce ta Ali Dinar ce, ka san da wanda kake ciniki. Mafi yawan kaskarar da ake samu da sauƙi aikin maƙeran Kassala ne na ƙarni na 20, su ma daga sifirin manyan motoci, aiki mai kyau a matsayinsa muddin an sayar maka da shi da sunansa.

Sai maganar doka, wadda ta fi nauyi a ɓangaren Sudan. Tun da yaƙi ya ɓarke a can a watan Afrilu na 2023, an wawushe Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Khartum da Gidan Halifa da ke Omdurman, kuma a 2024 hukumar UNESCO ta yi kira ga 'yan kasuwar kayan tarihi da su guji sayen abin da ya fito daga Sudan ba tare da tabbacin asalinsa ba. Tsohuwar kaskara mai kyau da ta ɓullo yanzu ta hanyar Chadi, ba takarda, ba wanda ya san hannun da ta fito, tana iya zama kayan sata, kuma ba za ka iya sayar da ita a wata kasuwa mai mutunci ba nan gaba. Ka nemi rasit ko hoto ko takardar gwanjo da ta nuna ta bar Sudan tun kafin yaƙin. Idan kubenta na fatar kada ne, ko akwai hauren giwa a mariƙin, yarjejeniyar CITES, wadda ta taƙaita cinikin namun daji da sassan jikinsu tsakanin ƙasashe, ta shafe ta, kuma jami'an kwastan suna da ikon riƙe ta. Takobin gida ma ba a sake yake ba: dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Nijeriya ta ɗauki aikin hannu na gida da aka yi kafin 1918 a matsayin kayan tarihi, ta taƙaita cinikinsa, ta kuma hana fitar da shi ƙasar waje sai da izinin hukumar, don haka ka tuntuɓe su idan ka tabbatar tsoho ne. Ka kuma tambayi dillalin daga wane gida takobin ya fito, domin akwai na gadon sarauta da wani ɗa yakan ɗauko ya sayar ba da sanin dangi ba.

Wajen adanawa, takobin Azbin ya fi neman kulawa saboda yawan fatarsa. Da damina fata tana shan laima ta sa wa ruwan tsatsa, inda ta haɗu da tagulla kuma wani kore-kore yakan taru. Da hunturu sai ta bushe ta tsattsage. Kowanne ka saya, ka zare ruwan daga kubensa ka ajiye shi daban, ka shafa masa man keken ɗinki kaɗan da tsumma mai laushi, ka nisanta shi da man gyaɗa da manja don suna daskarewa su yi danƙo. Kada ka bari kowa ya goge shi da samfefa ko ya kai shi injin washi don ya yi ƙyalli, domin duhun da shekaru suka bari a jikin ƙarfen yana cikin abin da masu saye ke biya, kuma a kan kaskara mai rubutun asid gurzawa ɗaya tana iya shafe rabin rubutun. Idan za ka koma wurin dillalin, ka ɗauko mana hoton gindin ruwan kowannensu ta fuska biyu, da na kan mariƙin, da na bakin kuben, a hasken rana ba da fitilar waya ba.